Daren da Kwamfuta Ta Manta Shekara

Sha biyu ta gota, data ta yi araha.
Na rataye waya a reshen darbejiya,
inda sabis ke sauka in ya ga dama,
na buɗe tsohuwar kwamfutar ƙungiya,
wadda ta san buhun riɗin kowa a garin nan
da bashin takin da kowa ke so a manta.

Sabuntawa kawai na ce ta yi.
Ƙunshi ɗari biyu da sha ɗaya.
Ɗan dakon manhajojinta ya sunkuya,
yana shigar da su ɗai-ɗai.
A na tamanin da uku batirin sola ya yi tari,
nata kuwa ya rasu tun bara.
Allo ya mutu da magana a baki.

Na tashi Ilu mai caji daga barci,
na aro janareto da alkawarin lita guda.
Ta farka. Na ce mu ci gaba.
Ta ce ɗaki a kulle yake,
wani na ciki riƙe da makulli.
Na leƙa jerin masu aiki, babu kowa.
Mai kwaɗon ya mutu tun ɗazu,
kwaɗonsa ne ya rage yana gadi.
Na cire shi da bisimilla, hannuna na rawa.

Sai rigimar dangi.
Wannan ba ya zama sai wancan ya zauna,
wancan ya ce sabon wannan ya sani, ba tsoho ba,
na uku rabi ciki rabi waje,
kamar jaki da mangala a ƙofar zaure.
Ɗan dako ya ɗaga, ya faɗi.
Na sake kira, ya faɗi,
a wuri guda, kamar an binne masa layya.

Na daina zagi, na buɗe littafin ƙorafinsa,
layi bayan layi, yatsa a kan gilashi.
Ashe rumbu ne ya cika.
Tsofaffin ƙunshi tun na magatakardan da na gada,
da bidiyon bikin ƙanensa, awa huɗu.
Na kwashe bikin zuwa filashi,
na share ƙaiƙayin,
na ce masa: ƙarasa abin da ka bari rabi.
Ya ƙarasa.

Na yi hamdala da wuri.
Da ya koma ɗauko ragowar, sai ya toge:
wai takardar kayan ba ta fara aiki ba,
sai bayan shekaru goma sha.
Na dubi kusurwar allo.
Ɗaya ga watan ɗaya, wata shekara
da nake aji huɗu, ina kiwon awakin Inna.
Ɗan batirin agogonta, mai kamar kwabo, ya ƙare,
ta koma ranar haihuwarta ta zauna,
tana ƙin saƙon da ya zo mata daga gobe.

Waya na can a bishiya, in na taɓa ta sabis ya tashi.
Na ɗaga murya: Baba Cindo, yau nawa ga wata?
Maigadi ya gyara sanda, ya dubi sama.
Ya ce sha tara, ga shi can ya fara zaizayewa.
Na ce na Bature nake nufi.
Ya ce jibi dai kasuwar Maigatari,
sauran lissafin naka ne.

Kalandar mai taki a bango ta raba mu.
Na rubuta mata yau da hannuna,
shekara, wata, rana, har minti.
Ta karɓa.
Ɗan dako ya miƙe, ɗari biyu da tara, da goma,
janareto na haƙi a kan ɗigon ƙarshe.

Ladan ya gyara murya.
Na rubuta a bayan hannu: Alhamis, batiri, wajen mai agogo.
Rana ba ta gama fitowa ba
Tasalla ta yi sallama, takalmanta jiƙe da raɓa,
ta ce a duba mata,
buhu uku ta kawo ko huɗu.